Wane suna za mu ba akwatin da ba ya barin kaya su jiƙe?

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu tsayar. Masu bin kogi da kwalekwalen roba, irin wanda ake hura wa iska, suna da wani akwati da Turawa ke ce wa "dry box". A ciki suke zuba duk abin da ba sa so ruwa ya taɓa: ashana, magunguna, kyamara, takardu, kayan gyara. Masu ratsa kogin Kolorado a Amurka kan yi mako biyu zuwa uku a kan ruwa, igiyar ruwa tana dukan jirgin, wani lokaci ma ya kife ɗungurungum. Akwatunan sayarwa galibi da alminiyom ake ƙera su, amma da yawa kan haɗa nasu da katako a gida.

Fassarar kai tsaye ita ce "busasshen akwati", kuma ni ban yarda da ita ba. A Hausa busasshe abu ne da ya taɓa zama ɗanye ko jiƙaƙƙe, sannan ya bushe, kamar busasshen itace. Wannan akwati kuwa a jiƙe yake wuni. Kayan cikinsa ne a bushe.

Wani zai ce "akwatin ruwa", tunda muna da rigar ruwa, wadda ke kare mutum daga ruwan sama. Hujja ce mai kyau. Matsalar ita ce riga ba mazubi ba ce, akwati kuwa mazubi ne. Duk wanda ya ji akwatin ruwa, tankin ruwa zai faɗo masa a rai, ya ɗauka ruwan ake adanawa.

Kafin mu ci gaba, a duba yadda ake haɗa shi, don aikin da abu yake yi shi ya kamata ya raɗa masa suna.

Ba kowane filawud ake ɗauka ba. Akwai na jirgin ruwa, wanda aka manne falle-fallensa da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa, kuma babu kogo a tsakaninsu. Kaurin milimita 12 ya isa. Inda filawud ke da rauni shi ne bakin da zarto ya yanka, don ta nan yake shan ruwa ya kumbura, fallayen su ɗaɗɗaye. Shi ya sa ake shafe shi ciki da waje da ifoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da sai an gauraya su yake daskarewa. A kowace kusurwa ta ciki a kwaɓa ifoksin da garin katako ya yi kauri, a ja shi da bayan cokali ya cike lungun. A waje a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi, a sake shafawa. Rana tana cin ifoksi, saboda haka dole fenti ya hau kai. Ƙusoshi da hinji kuma sai waɗanda ba sa tsatsa.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da murfi. Ana yi masa leɓe da zai sauko ya rufe bakin akwatin ta waje, don ruwan da ya watso ya gangare ƙasa. A ƙarƙashinsa a kewaya roba mai laushi, kamar ta ƙofar firji, sannan a sa ƙugiyoyin da ke jawo murfin ƙasa su matse robar. Matsewar nan ita ce gaba ɗaya sirrin. Idan murfin ya ɗan lanƙwashe, ko ƙugiya ɗaya ta yi sako-sako, aikin ya tashi a banza. Kar a manta kuma, sau da yawa a kansa matuƙi ke zama yana tuƙi, don haka sai an ƙarfafa murfin da sanduna ta ciki.

To, a nan ne wani sunan da za a iya kawowa, "gagara-ruwa", ya gaza, duk da cewa ya fi kowane daɗin faɗa. Alkawarinsa ya yi yawa. Akwatin katako mai roba a baki yana jure feshi da ruwan sama da kifewa ta ɗan lokaci, amma idan ya daɗe a nutse ruwa zai sami hanya. Bai kamata suna ya sa mutum ya saki jiki ya jefa kyamararsa ciki ba tare da ya naɗe ta a leda ba.

"Hana-yoyo" ya zo kusa, sai dai ya tsaya a kan lafiyar akwatin, kuma bokiti ma ana so kar ya yi yoyo. "Hana-laima" kuwa zai rikita mai ji, don laima danshi ce, laima kuma abin shiga ruwan sama ce.

Ni dai na tsaya a kan akwatin hana-jiƙa. Ginin kalmar namu ne, irin na fasa-ƙwauri da ƙi-faɗi, aikatau a gaba, abin da ya shafa a baya. Ya faɗi aikin akwatin, bai ƙara gishiri ba. Kuma yana haihuwa: jakar roba da ake naɗe bakinta sau uku a ɗaure, ga ta nan jakar hana-jiƙa, ba sai an sake zama neman wani suna ba. Na zaɓi akwati a kan sanduƙi da adaka don kowa ya san shi, yaro da babba.

Illarsa ɗaya, kuma na san masu ƙwaƙƙwafi za su kamo ta: wanda wayarsa ba ta da ƙ mai lanƙwasa zai rubuta "hana-jika", kakanni su ce me jikokinsu suka yi. Wannan laifin waya ne. Wanda ya damu yana iya rubuta hana-jiƙewa, ma'anar ɗaya ce, tsawo kawai ta ƙara.

Jam'insa akwatunan hana-jiƙa. Wanda ya haɗa nasa kuma, kafin ya kira shi da wannan suna, ya shimfiɗa takarda a ciki, ya matse murfin, ya yi ta watsa masa ruwa ta kowane gefe, ya juya shi ya sake watsawa, sannan ya buɗe ya duba takardar.