Neman kalma: idan ra'i biyu "ɗaya ne" a manɗiƙi, me za mu ce?

Mai-alli: Salamu alaikum malamai. Jibi zan karantar da darasin manɗiƙi (logic, ilimin ƙa'idojin kafa hujja) da Hausa, na maƙale a kan fassarar equivalence tsakanin ra'i (theory) biyu. Na sa "daidaito", amma raina bai kwanta ba.

Ɗan-lissafi: Wa alaikumussalam. Daidaito ta riga ta zama ta alamar =. Kuma wanne kike nufi, Malama? Idan kalmominsu ɗaya, duk abin da wannan ya tabbatar wancan ma ya tabbatar, wannan mai sauƙi ne. Rigimar tana inda kalmomin suka bambanta. Ki gina jeri da "ƙasa da", ni in gina da "bai wuce ba". Kowa na iya bayyana kalmar ɗan'uwansa da tasa, ba a yi asarar komai ba. Masanin manɗiƙi De Bouvère a 1965 ya kira irinsu masu ma'ana ɗaya.

Tsohon-tafinta: TAKWARANCI. Shekara nawa ina faɗa. Wannan takwaran wancan ne.

Almajiri: Allah gafarta Malam, takwara suna ne ɗaya, mutum biyu. Nan kuwa suna biyu ne, abu ɗaya. Ai an juya ta. Me ya hana takafu'i?

Tsohon-tafinta: Kun fara. Kullum sai an ruga Larabci, kamar Hausa gurguwa ce.

Almajiri: To manɗiƙin da kansa daga ina muka samo shi?

Tsohon-tafinta: Yaro, tun ba a haife ka ba nake fassara. Ba a cewa shugaba ya gana da takwaransa? Sunansu ɗaya ne?

Ɗan-lissafi: Nan kam Baba ya yi gaskiya. Amma kalma ɗaya ba za ta ɗauke kayan ba. Akwai inda kowane ra'i ke fassaruwa cikin ɗayan, amma in ka fassara ka dawo, ba ka iske abin da ka bari ba. Wannan "fassarar juna" ce kawai, ta fi rauni. Mai ƙarfin ita ce "fassarar je-ka-dawo". Sannan ga masana lissafi biyu da suka gina geometry, wato lissafin siffofi: Hilbat a 1899 da ɗigo, layi da shimfiɗa, Tarski kuma da ɗigo kaɗai. Har abin da ake ƙirgawa ya bambanta.

Mai-alli: Je-ka-dawo ta shige ni. Takwaranci kuma zan sa a kan allo da alamar tambaya.

Tsohon-tafinta: Ki cire alamar.

Almajiri: Ki bar ta, Malama.