Neman shawara: na yi wa yaro alkawarin kallon Yankees, ga wasan daren yau na raba gardama ne

Baban Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa, domin abin na daren yau ne, tun da na idar da asuba ban iya runtsawa ba.

Ni direba ne a nan Bronx ta birnin New York, shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan ta Amurka. Gidanmu ba nisa da filin ƙungiyar besbol ta Yankees, in ana wasan dare har hasken fitilunsa muke hangowa ta tagar kicin. Ni dai besbol bai taɓa damuna ba, ƙwallon ƙafa na sani, ita ma tun da na koma aikin dare muka raba gari. Amma yarona ɗan shekara 11, wanda aka haifa a nan, ba shi da zance sai na Aaron Judge, tauraron ɗan wasan Yankees. Yana ɗan shekara bakwai wani maƙwabcinmu ɗan ƙasar Dominika ya ba shi tsohuwar safar kama ƙwallo da ta yi wa ɗansa kaɗan. Shi ke nan, kamar an yi masa asiri. Kullum yana Macombs Dam Park, safar nan kuwa ƙarƙashin matashin kai take kwana. A 2022 da Judge ya buga hom ron 62 (wato dukan da ke tsallakar da ƙwallo bayan katangar fili), takarda ya manna a jikin firij, duk wanda aka buga sai ya ja layi. Bara, 2024, da ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles suka ɗauke kofi a filinmu ya yi kuka har ya ƙi cin tuwo. To a daren ne bakina ya ja mini, na ce masa in ya gyara lissafinsa a makaranta, baɗi da zarar Yankees sun shiga wasannin fitar da gwani zan kai shi ya gani da idonsa. Yaro ya gyara lissafi. Ni kuma na manta, shi bai manta ba.

Shekaranjiya Boston ta ci 3 da 1, jiya Yankees suka rama 4 da 3. Yau Alhamis, 2 ga Oktoba 2025, ne na uku kuma na ƙarshe, wanda ya faɗi ya tafi gida sai baɗi. Mafi arhar tikitin da na gani a waya, in aka haɗa da kuɗin da suke ɗorawa a ƙarshe, mu biyu ya haura dala 400, kuma can ƙololuwa ne. Akwai wani da na ɗauka a mota jiya ya ce yana da biyu zai bar mini a rabin haka. Ko kuma in jira zagaye na gaba da Toronto. Ya zan yi?

Bakano a Queens:
Wa alaikumussalam. Shi fasinjan naka, ka san shi a da ko jiya ka fara ganinsa?

Alhaji na Grand Concourse:
Ƙanena, saurara da kyau, domin a gidan nan ban ga wanda ya fi ni sanin filin nan ba. Tun tsohon filin nake shiga, kafin a buɗe wannan a 2009.

Na farko, ka goge lambar fasinjan nan. Tikiti yanzu ba takarda ba ne, a cikin manhajar MLB Ballpark yake zama, kuma in mutum zai sayar maka sai ya tura shi daga asusunsa zuwa naka. Duk wanda ya ce zai aiko maka da hoton tikiti ta WhatsApp, a bakin ƙofa za ka gane kurenka, ga yaro riƙe da hannunka.

Batun jiran Toronto kuma, kana sayar da kifi a ruwa ne. Tun da aka fito da wannan tsari na wasa uku a 2022 har zuwa kakar 2024, babu ƙungiyar da ta faɗi wasan farko sannan ta haye. Ko sun haye ma, wasa biyun farko a Toronto za a yi, kuma kada ka yi tsammanin farashi zai sauko.

Ka saya yau. Ni ina cikin filin ranar 30 ga Oktoban bara, wasa na biyar na World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi. A zagayen farko cikin tara na wasan Judge ya buga hom ron, Chisholm ya bi shi da nasa, a na uku Stanton ya ƙara, muka kai 5 da nema. Wallahi simintin ƙarƙashin ƙafata rawa yake, wani bature da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi. Sai zagaye na biyar. Ƙwallo ta taso sama a hankali, irin wadda yaronka ma zai cafke, ta faɗi daga safar Judge. Volpe ya yi mummunan jifa, Gerrit Cole, mai jifanmu, ya tsaya bai ruga ya tsare tasha ta farko ba, kafin ka ce kwabo an koma 5 da 5. Mutum sama da dubu arba'in suka yi tsit, har ƙarar jirgin ƙasa mai lamba 4 nake ji yana wucewa a bayan fili. Aka tashi 7 da 6, muna tsaye 'yan Dodgers suna tsalle a kan ciyawarmu. Ka tambaye ni ko na yi nadamar kuɗina. Ko kaɗan. Talabijin ba ta nuna maka wannan shirun.

Maman Hanifa:
Alhaji, wato shawararka ya biya dala 400 ya kai yaro ya ga wannan shirun? Yaron da ya ƙi cin abinci daga kallo a falo? Baban Abba, ba ka faɗa mana me mahaifiyarsa ta ce ba. Kuma yau dai babu makaranta saboda hutun Yahudawa, amma gobe Juma'a akwai, wasa kuwa sai ƙarfe takwas da 'yan mintuna za a fara.

Baban Abba:
Hajiya, batun makaranta ba matsala, tafiyar minti goma ce a ƙasa. Kuma ai tun da suka sa agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci wasan ya daina daɗewa. Maman yara kuma za mu yi magana.

Maman Hanifa:
"Za mu yi magana." Wato ba ta sani ba ke nan.

Ɗan Nima:
Agogo bai hana komai ba, ɗan uwa. Besbol ba canjaras, in zagaye tara ya ƙare kunnen doki sai a ci gaba har wani ya ci, kuma a wasannin Oktoba ba a ajiye ɗan gudu a tasha ta biyu kamar yadda ake yi a sauran kaka don a gama da wuri. Kana iya kaiwa sha biyun dare. Ni abin da ya hana ni komawa ma ba wannan ba ne. Na kai 'ya'yana sau ɗaya, wanda ke bayanmu ya sha ya yi tatil, ya tuntsurar da giya a bayan rigar 'yata. Ashar kuwa, ranar da ake karawa da Boston ba a magana. In ka ga tikiti mai arha a bencinan bayan fili, wajen sashe na 203, kada ka kai yaro nan, can ne matattarar masu ihu.

Alhaji na Grand Concourse:
Ɗan Nima, 203 ai nan ne daɗin yake. Su ne ke kiran sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya a zagayen farko har kowa ya ɗaga musu hannu. Ashar ɗin da yaro zai ji a can bai kai wanda yake ji a jirgin ƙasa na D ba.

Malamin Asabar da Lahadi:
Ni abin da ke ba ni mamaki da iyayen ƙasar nan ke nan. Kuɗin makarantar Islamiyya na wata ɗan kaɗan ne, amma sai mun yi ta bin mutane kamar masu bara. Yaro ya haddace lambar rigar kowane ɗan wasa, ka ce ya karanto Tabbat yada sai ya tsaya yana kallon silin. Wata uku ke nan muna neman kuɗin gyaran hita, sanyi na tafe, ba wanda ya ce uffan. Ba da kai nake ba Baban Abba, amma magariba da isha fa, a ina za a yi su?

Baban Abba:
Malam, yarona bai taɓa fashin Islamiyya ba kuma ba a bina ko sisi. Magariba wajen shida da rabi ce, a gida za mu yi ta kafin mu fita, isha in mun dawo. Ni alkawari na ɗauka, kuma ku ne kuke koya musu cewa alkawari kaya ne.

Bakano a Queens:
Har yanzu ba a amsa mini ba. Sannan kuɗin, daga ina za su fito? Da a aljihu suke da ba ka kwana kana juyi ba.

Baban Abba:
Kwasar adashi na yi makon jiya. Akwai ɗan gyaran rufi da na ce zan aika wa tsohuwa, amma damina ta kusa wucewa, ba abin gaggawa ba ne. In na ƙara dare huɗu ko biyar a mota zan mayar. Fasinjan kuma mutumin kirki ne, har tukuici ya ba ni.

Direban Dare:
Hmm. Ni nan ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Shekara tara ina aikawa gida, an ce ana gina mini ɗaki uku, da na je na tarar da fili da bulo ɗari biyu, akuya na kwance a kai. Tun daga ranar na ce abin da ɗana ke so a nan shi ne gaba. Mutanen gida gani suke a bishiya muke tsinko dala. Ka kai yaronka.

Maman Hanifa:
Haba Direba, rufin ɗakin mahaifiya kake haɗawa da 'yan uwanka da suka cinye maka kuɗin gini? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Baban Abba, ni shawarata ka zaunar da yaro ka faɗa masa gaskiya. Ku sa riguna, ku taka zuwa titi na 161 a bakin filin ku sha kallon jama'a, ku dawo ku kalla a gida. In Afrilu ta zo ka kai shi wasan rana da kuɗi kaɗan, har da ƙanwarsa in yana da ita.

Baban Abba:
Yana da ita, kuma ita ma ta fara cewa sai an je da ita, wannan wata rigimar ce. Amma Hajiya wasan Afrilu ba shi na yi alkawari ba. Makarantarsu ma ta taɓa kai su irin wannan.

Alhaji na Grand Concourse:
Atoh. Wasa 162 ake yi a kaka, na Afrilu in an faɗi gobe a sake. Na yau kuwa Yankees da Boston ne a sili ɗaya ƙwale. A 2003 Aaron Boone, wanda yake kocin Yankees yanzu, shi ya kori Boston da hom ron a zagaye na 11 na wasa na bakwai. A 2004 muna gaba da wasa uku ba ko ɗaya suka farke suka ci huɗu a jere. 2018 su suka fitar da mu, 2021 ma haka. Bashi ne a kansu. Kuma yau sababbin yara biyu ne za su yi jifa, Cam Schlittler namu, wanda ɗan jihar Massachusetts ne ma, da Connelly Early nasu.

Ga yadda za ka yi. Kada ka saya yanzu da safe, ka bari sai wajen biyar ko shida, masu sayarwa hankalinsu ya fara tashi su rage. Ka cika cajin waya. Ka tafi da kati, ba sa karɓar tsabar kuɗi a ciki. Ka ciyar da shi ya ƙoshi a gida, ka riƙe ruwan roba wanda ba a buɗe ba, abincin ciki tsada kamar me. Rigar sanyi dole, can sama iska ce. In kun fita kuma ba a komawa.

Ɗan Nima:
A'a Alhaji, wannan dabarar ta wasan tsakiyar kaka ce. Wasan raba gardama da Boston, farashi na iya hawa da yamma in mutane sun taso aiki. In zai saya ya saya yanzu, in ba zai saya ba ya huta.

Alhaji na Grand Concourse:
Sau nawa ka shiga wasan Oktoba?

Ɗan Nima:
Ban shiga ba, amma ina da ido ina ganin farashi.

Ɗan Fagge:
Ku yi haƙuri, ni daga Kano nake bin ku. Dala 400 don a kalli mutum na dukan ƙwallo da kulki? Kun san buhun shinkafa nawa ke nan a nan? Allah ya kai mu inda kuke.

Direban Dare:
Ka gani ko? Abin da nake faɗa ke nan.

Bakano a Queens:
Baban Abba, ni dai ko me za ka yi, ka fara kiran tsohuwa, sannan ka shiga ɗaki ka gaya wa matarka kafin ka danna komai. Fasinjan nan kuma in da gaske yake, ka ce ya fara turo tikitin cikin manhajarka ka gan shi, sannan ka biya.

Baban Abba:
Na gode, duk na karanta. Amma kamar wasu ba su fahimce ni ba, ni ba almubazzari ba ne, shekara goma sha huɗu ban taɓa shiga filin nan ba alhali kullum sai na sauke mutane a ƙofarsa. Na yi wa fasinjan magana yadda Bakano ya ce, ya amsa cewa yana wurin aiki, in fara tura rabin kuɗin zai turo da azahar. Na wayar kuma yanzu na duba, ya ƙaru da dala 30. Yaro ya tashi, ya riga ya sa riga mai lamba 99 ta Judge, yana tambayata ƙarfe nawa za mu fita. Maman tasa tana kicin.

Alhaji, ka tabbata yana sauka da yamma?

Maman Hanifa:
Kada ka tura wa mutumin nan ko kwabo. Ka shiga kicin ɗin.

Malamin Asabar da Lahadi:
Tunda an taru, masu niyyar taimakawa da gyaran hita su same ni bayan sallar Juma'a.