Ƙwaro ya faɗa wa kabewata a Dadin Kowa, ku ba ni shawara

Mai Kabewa: Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Gonar nan ta marigayi mahaifinmu ce, kusa da dam ɗin Dadin Kowa. Da aka raba gado yayana ya ce in sa albasa, na ƙi, na sa kabewa, kuma kuɗin adashen uwargida na zuba a ciki, ita ba ta ma so ba. Yanzu ga wani ƙwaro mai ruwan ƙasa, bayansa a baje, in ka murtsuke shi sai wari. Ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ya yi yaushi, ya bushe ƙamas. Na yi feshi, kamar ban yi ba. Wallahi barci ya gagare ni.

Alhaji daga Kumo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ruwa ka cika wa maganin. Ninka ma'auni ka fesa da sassafe, magana ta ƙare. Tun ba a haife ka ba nake noma.

Malamin gona: Alhaji, a yi haƙuri, da safe furen kabewa ke buɗewa, feshin lokacin zai kashe ƙudan zuma, kuma in babu su kabewa ba za ta yi 'ya'ya ba. Ɗan uwa, juya ganyen ka duba, za ka ga ƙwai a jere masu launin tagulla tsakanin jijiyoyi. Irin na Amurka, wanda aka fi bincike a kansa, ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 10, 'ya'yan su yi saɓa sau 5 cikin mako 4 zuwa 6 kafin su yi fiffike. Namu danginsa ne, tsotsar ruwan ganye suke. Magani ya fi kama ƙananan. Murtsuke ƙwan, ka ajiye katako a gindin yaɗo da yamma, manyan za su kwana a ƙarƙashi ka kwashe da asuba.

Hajiya daga Bajoga: Ni matsalata jabun magani. Bara na saya a kasuwa, wake na ya tafi gaba ɗaya, mai shagon ko haƙuri bai ba ni ba. Gwada ruwan darbejiya da sabulu.

Mai Kabewa: Malam na gode, amma ni kaɗai ne a gonar, ga ban ruwa ga tsadar fetur. Yaushe zan bi ganye ɗaya-ɗaya? Kuma kada wani ya ce laifin sa kabewa ne, masu albasa ma suna kuka.

Alhaji daga Kumo: Darbejiya da katako wasan yara ne. Na ce ka ninka.

Malamin gona: Ninkawa na iya ƙona ganyen, Alhaji. Ɗan uwa, wane magani ka fesa, kuma ya taɓa ƙasan ganye?

Mai Kabewa: Maganin mai kyau ne, maƙwabcina ya ba ni. Yanzu dai me zan ce wa yayana in ya zo ranar Juma'a?