Wace irin taga ce za ta tare wa Hajiya sanyin Jos?

Baban Ummi, Rikkos:
Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema. Bara mahaifiyata ta dawo wurina daga Kano, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Ɗakin da na ba ta tagogin luba ne, masu jeren fallayen gilashi, tun na ginin farko. Da hunturu ya kankama a watan Disamba, wata asuba na shiga gaishe ta, sai na tarar labule yana kaɗawa alhali taga a rufe take. Na kara hannu a tsakanin gilasan, iska ce ke tsiyayowa kamar ƙanƙara. Ita kuwa tana kan darduma cikin bargo biyu, ba ta ce mini komai ba. Abin ya tsaya mini a rai. Mun cusa tsumma da kwali, na sayo hita, amma kuɗin wata guda da nake sa wa mita, ko mako biyu bai kai ba. Wani ya ce in sa gilashi mai ninki biyu irin na ƙasashen Turai. Ya cancanci kuɗinsa kuwa? Ina so in gama kafin sanyin bana.

Garba Mai Alminiyan:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Sana'ata ke nan. Luba an yi ta ne don shan iska, ba za ta taɓa rufuwa ruf ba. Amma kar ka maye ta da silaidin, wato mai turawa gefe. Silaidin burushi ne kawai a gefenta, yana cinyewa, ƙura da iska su sami hanya. Ka sa kesmen, wato mai buɗewa kamar ƙofa. Idan ka murɗa hannunta tana danne robar da ke zagaye da firam. Gilashi mili 5 ya isa. Ranar sawa ka tsaya da kanka, ka ga an toshe tsakanin firam da bango da silikon, domin nan ne yara ke yin ha'inci.

Injiniya Sani:
Maganar Malam Garba haka take. Shi mai ninki biyun, iskar da aka kulle tsakanin gilasan biyu, tazarar mili 12 zuwa 16, ita ke hana ɗumin ɗaki fita. Yana aiki, ga rage hayaniyar titi. Sai dai alminiyan kansa yana saurin ɗaukar sanyi, don haka firam na roba mai ƙarfi, uPVC, ya fi dacewa da shi. Kuma idan haɗin gefensa ya buɗe, raɓa za ta kwanta a ciki inda ba a iya gogewa. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, shi ya sa dare ke da sanyi, amma ba dusar ƙanƙara muke fama da ita ba. A ganina ka fara da toshe kafar iska, musamman tagar da ke kallon arewa ko gabas, inda iskar hunturu ke bugowa. Kar kuma ka sa gilashi mai duhu a ɗakinta, hantsi na da amfani ga tsoho.

Maman Sadik, Gangare:
Yayana, don Allah abu ɗaya. In ka sa tagar da ke rufuwa gam, kada a ƙara shigar wa Hajiya da kaskon gawayi ta kwana da shi. Iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Ka san iyayenmu da jin wuta. Ni labule mai kauri har ƙasa na yi wa Babanmu, muna zuge shi da hantsi, mu saki kafin magariba.

Baban Ummi, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Sadik, wallahi kamar kin leƙa gidan, kasko na nan ƙarƙashin gadonta, yau zan ɗauke shi. Malam Garba, tagogin biyu ne, kowace ƙafa huɗu-huɗu, akwai ƙarfen ɓarayi a ciki. Sai an fasa bango kafin kesmen ta zauna, ko za ta shiga gurbin lubar?