Neman kalma: me za mu kira "firaibasi" idan maganar mota ake yi?

Malamai, ina neman taimako a kan kalma ɗaya. Kwana uku ke nan ina karanta binciken jami'o'i kan motocin zamani, ina ƙoƙarin taƙaita shi da Hausa, amma kalmar nan da Turawa ke kira firaibasi, wato kare bayanan mutum da al'amuransa daga idon wasu, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Sauran kalmomin ba su wahalar da ni ba. "Mota mai tuƙa kanta" ta riga ta zauna a bakin mutane, kuma na fi son ta da "mota maras direba", domin ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta kasa abin mataki-mataki daga 0 zuwa 5, kuma a mataki na 2 direba na nan zaune, dole idonsa na kan hanya. Wadda ke musayar saƙo da waje kuwa na kira ta "mota mai sadarwa". Ban ce "mai intanet" ba, saboda motoci biyu na iya magana kai tsaye ta rediyo ba tare da intanet ya shiga tsakani ba.

Wannan dalilin ne ma ya sa na ajiye "tsaron intanet" na ɗauki "tsaro daga kutse". A 2010 masu bincike daga Jami'ar Washington da Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun jona na'ura a ramin da makanikai ke duba lafiyar mota, suka kashe inji, suka hana birki kamawa. Shekara ta zagayo suka nuna ana iya shiga ta faifan CD da Bluetooth da layin waya. Tushen matsalar tsohuwa ce: hanyar da ƙananan kwamfutocin cikin mota ke magana da juna, wato CAN, kamfanin Bosch ya fito da ita a 1986, kuma ba ta tambayar wa ya aiko saƙo. Duk wanda ya samu shiga, maganarsa umarni ce. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga wata Jeep Cherokee daga nesa tana tafe a babbar hanya a Amurka, har kamfanin da ya ƙera ta, Fiat Chrysler, ya kira motoci miliyan 1.4 domin gyara. Duk wannan kutse ne, kalmar ta isa.

To, mu dawo kan wadda ta gagare ni.

Abin da ke fara zuwa baki shi ne "sirri". Na rubuta shi, na goge, na sake rubutawa. Ga inda ya karye. A tsarin da aka shirya wa motoci masu sadarwa, kowace mota na shelanta inda take, da gudunta, da inda ta dosa, kamar sau 10 a cikin daƙiƙa ɗaya, domin ta bayanta ta san an taka birki tun kafin direba ya gani. Saƙon nan ba a kulle yake ba, da gangan aka bar shi a buɗe, sa hannu kawai aka yi masa don a tabbatar ba na bogi ba ne. Ta yaya za a kira abin da ake shelarsa sau 10 a daƙiƙa sirri?

Kuma ko ba na'ura, inda motarka take ba sirri ba ne. Duk wanda ke bakin titi ya gan ta. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka tattara: ƙarfe bakwai tana wannan ƙofa, ƙarfe takwas tana wancan ofis, duk ranar Talata tana tsayawa awa biyu a gaban asibiti. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, a jere kuwa rayuwar mutum ce aka shimfiɗa. Wani bincike na 2013 da ya duba bayanan wayoyin mutum miliyan 1.5 ya gano cewa wuri huɗu da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen, ko da an cire sunayensu. Na waya ne, amma mota ba ta fi waya iya ɓuya ba.

Wani abokin karatuna ya ce in sa "rufin asiri". Kalma ce mai daɗi, sai dai ta riga ta yi aure. Idan ka ce wane yana da rufin asiri, abin da za a ji shi ne yana da abin biyan buƙata. Idan kuma ka ce a rufa masa asiri, ka nuna akwai abin kunya a ƙasa. Mai mota kuwa bai yi laifin komai ba. "Keɓantawa" ita ce ake yawan gani a manhajoji, ba ni da faɗa da ita, amma ka ce wa direba "motar nan ba ta da keɓantawa" ka ga irin kallon da zai yi maka.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne maganin da masu binciken motoci suka kawo. Mota ba ta sa hannu da sunanta na gaskiya, ana ba ta takardun shaida na aro da yawa, tana canzawa lokaci zuwa lokaci. Sai aka ga hakan bai isa ba: idan mota ita kaɗai ce a kan hanya, ta canza suna, mai saurare zai ga motar da ta ɓace a nan ita ce ta ɓullo taku kaɗan a gaba, da gudu iri ɗaya. Don haka aka ba da shawarar motoci su riƙa canzawa tare a mahaɗar hanya, ko su yi shiru na ɗan lokaci kafin su dawo da sabon suna. Ina karanta wannan na ce, af, ai ɓad da sawu ke nan! Ba ɓoye kai ake yi ba, hana bin sawu ake yi.

Shawarata ke nan: "rufin sawu". An gina ta a kan ƙirar rufin asiri, kunne ba zai baƙunce ta ba, kuma ba ta ɗauke da zargi. Dabarar canza suna ita ce ɓad da sawu, takardun kuwa shaidar aro. Na gwada ta a jimla: "Wannan tsari ya inganta tsaro daga kutse amma ya raunana rufin sawu." Ta zauna. Jimlar ma ta fito da rigimar da ke tsakiyar fannin, domin mai tsaro so yake a iya gano motar da ke aika saƙon ƙarya a soke shaidarta, mai rufin sawu kuma so yake kada a gane kowa.

Inda ta gaza zan faɗa da kaina. A 2023 gidauniyar Mozilla ta duba manufofin bayanai na samfuran mota 25, duka suka faɗi, kuma abin da ake tattarawa ya wuce tafiya: akwai murya, akwai kyamarar cikin mota, akwai abin da ke cikin wayar da ka jona. Waɗannan ba sawu ba ne. A nan na bar "keɓantawa" tana riƙe da wurin, ba don ta gamsar da ni ba. Wanda ke da kalmar da za ta ɗauki murya da fuska, don Allah ya kawo ta cikin jimla, mu ji yadda take sauka a kunne.