Neman kalmar Hausa: idan Najeriya tarayya ce, me za mu kira tsarin da Amurka ta bi kafin 1789?

Malamin tarihi, Bauchi:

Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu masana harshe. Ina shirya darasi da Hausa a kan yadda yankuna 13 da Ingila ta mallaka suka dunƙule suka zama Amurka, ƙasa ɗaya mai zaɓen shugabanninta, sai kalma guda ta tare mini hanya. Turawa suna bambanta fedareshan da konfedareshan, mu kuwa duka biyun tarayya muke ce musu, alhali tarihin shekarun farko na Amurka labarin ƙaura ne daga na biyun zuwa na farkon.

Yankunan sun shelanta 'yancin kansu ranar 4 ga Yuli, 1776, amma ba a ranar suka zama ƙasa ɗaya ba. Yarjejeniyar da ta fara haɗa su, wadda ta soma aiki a watan Maris na 1781, ta bar wa kowace jiha cikakken ikonta, ta kuma kafa majalisa guda a tsakiya inda kowace jiha take da ƙuri'a ɗaya komai yawan jama'arta. Majalisar ba ta da ikon sanya wa kowa haraji, sai dai ta roƙi jihohi su aiko da kuɗi, su kuwa galibi ba sa aikowa yadda aka nema. Babu shugaban ƙasa mai zartarwa, kuma ba a gyara ko layi ɗaya na yarjejeniyar sai dukkan jihohi 13 sun amince. Da aka nemi a ba majalisar damar karɓar kashi 5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su domin a biya bashin yaƙi, ƙin amincewar ƙaramar jihar Rod Ailan a 1782 ya isa ya kashe maganar. A 1786 manoman Masacusets da bashi da haraji suka yi wa katutu suka ɗauki makamai suka hana kotuna zama, majalisar tsakiya kuwa ba ta da kuɗin tara soja, sai attajiran Bostan ne suka yi karo-karo aka ɗauki dakarun da suka kwantar da tarzomar.

Wannan gazawar ce ta tara wakilai a Filadelfiya a 1787 ƙarƙashin jagorancin Joj Washinton, suka rubuta kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1789. Idan na ce wa ɗalibi Amurka ta bar tarayya ta koma tarayya, ban faɗa masa komai ba. Ina neman kalmar da za ta ɗauki tsarin farkon.

Tsohon mai fassarar labarai, Gombe:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta daɗe tana jiran mai yin ta. A zamanin da muke aiki, da Sanagal da Gambiya suka kafa irin wannan tsari a 1982 da sunan Sanagambiya, haɗin gwiwa muka riƙa cewa, wani lokaci kuma ƙawance, har aka rushe shi a 1989 ba mu tsaya a kan kalma ɗaya ba. Ni dai ƙawance ta fi kwanta mini, domin kowane aboki yana nan da gidansa.

Malama mai koyar da shari'a, Azare:

Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in saɓa maka a nan. Ƙawance ta riga ta sami wurin zama, domin da ita muke kiran yarjejeniyar tsaro irin ta NATO, inda ƙasashe suke alkawarin kare juna ba tare da sun kafa gwamnati ko ta suna a tsakaninsu ba. Abin da Malam ya bayyana ya fi haka nauyi, tunda majalisar 1781 tana aika jakadu, tana shelar yaƙi, kuma da sunanta aka ƙulla sulhun Faris na 1783 wanda Ingila ta amince da 'yancin Amurka a cikinsa. Haɗin gwiwa kuwa ta yi faɗi da yawa, har kamfanoni biyu ma suna yin sa.

A ganina, kafin mu zaɓi kalma, ya kamata mu gane abin da ya raba tsarin biyu, kuma ba yawan iko ba ne kawai. Abin dubawa shi ne wanda gwamnatin tsakiya take mulka. A tsarin 1781 jihohi take yi wa magana, su kuma su ga dama su isar ga jama'a. A tsarin 1789 hannunta yana kai wa ga mutum kai tsaye: ta karɓi harajinsa, kotunta ta yi masa shari'a, shi kuma ya zaɓi wakilinsa a majalisar wakilai bisa yawan jama'ar jiharsa, yayin da majalisar dattawa ta bar wa kowace jiha kujeru biyu. Daga nan ne manomin Bajiniya da ɗan kasuwar Niyok suka fara zama 'yan ƙasa ɗaya, duk da cewa an bar bayi da mata da 'yan asalin ƙasar a waje, kuma sai a 1865 aka haramta bauta, a 1920 mata suka sami ƙuri'a a faɗin ƙasar, a 1965 aka yi dokar da ta kare ƙuri'ar baƙar fata a jihohin kudu. Tarayya ta dace da wannan na biyun, domin mutanen ne kansu suka yi tarayya a cikin ƙasa ɗaya. Wanda muke nema wa suna shi ne wanda gwamnatoci kaɗai suka haɗu.

Malamin tarihi, Bauchi:

Malama, kin warware mini rabin matsalar. To, yaya kuke ganin haɗaka?

Tsohon mai fassarar labarai, Gombe:

Malam, ka bar wa 'yan siyasa haɗaka, domin duk wanda ya ji ta yau jam'iyyu zai tuna da kakar zaɓe. 'Yata, na karɓi hujjarki, na kuma janye ƙawance. Bayaninki ya tuna mini da bambancin gandu da gayya. A gandu 'yan'uwa suna noma gona ɗaya ƙarƙashin maigida ɗaya, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, amma kowa yana da gayaunarsa da ba mai taɓa masa, kuma wannan shi ne tarayya. A gayya kuwa maƙwabta ne suke haɗuwa a yi aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kowa da rumbunsa, wanda bai zo ba kuma babu mai iya tilasta masa.

Kalmar da nake ba da shawara ita ce gamayya. Ku duba yadda bakin jama'a ya riga ya yi amfani da ita. Idan aka ce gamayyar ƙungiyoyi, kowa ya san kowace ƙungiya tana nan da sunanta da shugabanta da asusunta, ta tura wakili ne kawai zuwa zaman tsakiya, kuma tana iya janyewa ranar da ta ga dama. Wannan ita ce siffar Amurka ta 1781, in ban da batun janyewa, domin yarjejeniyarsu ta ce haɗin na dindindin ne.

Kada mu ɗauka maganar ta Amurka ce kaɗai, domin mu ma a kanta aka yi ta ja-in-ja. A 1953, bayan rikicin ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Legas, shugabannin Arewa sun fito da shawarwari takwas da suka nemi a bar wa kowane yanki kusan dukkan iko, a bar wa tsakiya 'yan abubuwa kamar tsaro da hulɗa da waje da kwastan. Gamayya suka nema ke nan, amma kundin 1954 ya tsayar da tarayya, kuma ita Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa yake nan garin Bauchi, ya jagoranta zuwa 'yancin 1960. A Aburi ta ƙasar Gana, a watan Janairu na 1967, ɓangaren Ojukwu ya tashi da fahimtar cewa an amince da gamayya, ɓangaren Gowon bai yarda da wannan fassarar ba, kuma a cikin shekarar yaƙin basasa ya ɓarke. Yaron da ake koya wa wannan tarihi da kalma ɗaya tak ba zai taɓa gane abin da aka yi saɓani a kansa ba.

Malama mai koyar da shari'a, Azare:

Na gamsu da gamayya, Baba, kuma tana ba mu abin da za mu kira jihohin kudu 11 da suka ɓalle daga Amurka, aka gwabza yaƙi da su daga 1861 zuwa 1865, domin konfedareshan suka kira kansu da Turanci, sai mu ce Gamayyar Jihohin Kudu. Haka nan abin da Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanya wa hannu a Yamai a watan Yuli na 2024, Gamayyar Ƙasashen Sahel ya kamata a ce masa, tunda kowace tana nan da shugabanta da sojanta da tutarta.

Gargaɗi ɗaya nake da shi ga mai fassara, wato ya dubi tsarin ƙasa kafin ya dubi sunanta. Suwizalan har yau tana amsa sunan konfedareshan, alhali tun 1848 tarayya ce cikakkiya, haka ma Kanada take kiran haɗewarta ta 1867. Waɗannan biyun tarayya za mu ce musu.

Malamin tarihi, Bauchi:

Baba, Malama, Allah ya saka da alheri. Saura Tarayyar Turai da Tarayyar Afirka, waɗanda bisa ma'aunin Malama ta Afirka gamayya ce tsantsa, ta Turai kuma tana tsakanin biyun.

Tsohon mai fassarar labarai, Gombe:

Waɗannan sunaye ne da kunne ya riga ya saba da su shekara da shekaru, Malam, kuma ba na ganin amfanin tayar da su yanzu. A bar su yadda suke a labarai, amma idan aka zo bayanin tsarinsu a aji, a faɗa wa ɗalibi cewa Tarayyar Afirka ba ta karɓar haraji daga hannun kowane ɗan Najeriya, gwamnatoci ne suke biyan ta kuɗin shekara, saboda haka a tsari gamayya ce.