Makomar kare idan mai shi ya kwanta ciwon ajali

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a yi da karen mutumin da ya kwanta ciwon ajali, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a nemo wanda zai karɓi karen tun mai shi yana da sauran ƙarfi, ya riƙa zuwa yana ba shi abinci, yana fita da shi, har ya saba da muryarsa. A ganina wannan ce mafi muhimmanci, domin kare yakan ƙi cin abinci, ya kwanta bakin ƙofa yana jira, idan aka raba shi da mai shi farat ɗaya. Wasu sun ƙara da cewa a rubuta lokutan abincinsa da na rigakafinsa, a haɗa masa da tsohuwar rigar majinyacin. Idan likita ya amince, a bar shi kusa da gadon.